Hasumiyar Kef Foyin da iskar da ta ɗauke mini hula

Mu mutanen Sakkwato babban ruwan da muka sani shi ne gulbin Rima da madatsar Goronyo. Shi ya sa da aiki ya kai ni Kef Tawun, a Afirka ta Kudu, na dage sai na je Kef Foyin, wani dogon tsauni da ya kutsa cikin teku, inda aka gina hasumiyar fitila don jiragen ruwa su gane hanya da dare.

Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke jan mutane zuwa saman tsaunin, amma na zaɓi hawa da ƙafa. Iskar wurin ba ta da kunya. Tun kafin in kai rabin matattakala ta fizge mini hula, na tsaya ina kallonta tana gangarawa teku. Birai kuwa, manya-manya, sun tsare hanya suna jiran wanda zai buɗe jakar abinci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tarihin hasumiyar. An kunna ta a 1860, kuma aka ɗora ta can ƙololuwar tsaunin, sama da mita 230 daga ruwa, da tunanin za a hango ta daga nesa. Ashe tsawon ne matsalar. Gajimare da hazo kan rufe ƙololuwar, kamar yadda hazon hunturu kan ɓoye rana a Sakkwato, sai matuƙa su rasa hasken a daidai lokacin da suke buƙatarsa. A 1911 wani jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya yi karo da dutse a kusa da wurin ya nutse. Daga nan aka gina sabuwa a ƙasa, mita 87 kacal daga ruwa, aka kunna ta a 1919. Ita ke aiki har yau; tsohuwar ta zama wurin 'yan yawon buɗe ido.

Masu ɗaukar hoto da yawa na cewa nan ne ƙarshen Afirka. Ba haka ba ne, wani wuri daban a gaɓar tekun ƙasar, mai suna Kef Agulhas, shi ya fi kudu.

Da na dawo na ba Kawu labari a zauren gidansa. Ya yi shiru, can ya ce, "To ɗana, waɗanda anka ba aikin kunna fitilar fa, a can suke kwana cikin wagga iska?" Na ce a da can haka ne, Kawu. Ya girgiza kai ya miƙo mini goro.