Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Baba Kofur

A makon jiya na tsaya a inda aka kai ni riƙo Tudun Wada wajen kakannina, ina 'yar shekara huɗu. Yau kan mai gidan zan tsaya, Allah Ya jiƙansa da rahama, domin duk wanda bai san shi ba ba zai gane sauran labarina ba.

Ba a kama sunansa a gidanmu. 'Ya'yansa Baba suke cewa, surukai kuwa sai dai "shi", mutanen unguwa su ce Baba Kofur. Ni kaɗai ke ce masa Angona, shi kuma ya kira ni Amarya, kakata tana daga madafi tana cewa wannan kishiya ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba.

Yana saurayi ya shiga soja, a Dafo na nan Zariya, wanda tun 1924 ake horas da kurata a cikinsa. Lokacin yaƙin Hitila ne. A 1943 aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, daga can aka tura su dajin Bama, kwarin kogin Kaladan, su kara da Japanawa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma yake, mai tambarin baƙin gizo-gizo. Babu hanyar mota a inda suka shiga. A kai ake ɗaukar kaya, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu da laima. Sai 1946 ya dawo gida, da igiya biyu a hannun riga da kuɗin sallama da bai kama ƙafar na Turawan da suka kwana rami ɗaya da su ba. Wannan abu har yau yana ci mini rai, ko da yake shi ban taɓa jin ya ɗaga maganar ba.

Da ya tuɓe kaki sai ya kama aikin reluwe, a tashar Zariya, inda layin Gusau da Ƙaurar Namoda ya rabu da na Kano. Aikinsa haɗa taragai da juya wa jirgi hanya, zamanin da gyaɗa da auduga ke cika tasha. A nan ya bar yatsu biyu na hannun hagu, tsakanin tarago da tarago. Baƙi sukan ɗauka a yaƙi ne, sai ya yi murmushi ya ce, "Harsashin Japan bai same ni ba, sai neman tuwon yara."

Wannan hannun nake fara gani idan na tuna shi. Da la'asar zai zauna a zaure kan buzunsa, rediyo a gefe, ya danne karan rake da yatsu ukun nan, ya fere da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya yanka ƙanana ya jera mini a murfin kwano. Gaɓar ya ajiye wa kansa. Takalminsa kuwa, ko na zuwa masallaci ne, sai ya goge shi ya yi ƙyalli, kuma bai yarda a ce "an jima" ba. In ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai ɗin ce.

Bai cika zancen Bama ba. Amma duk daren da aka yi ruwa da tsawa ba ya barci. Wata damina, ina aji uku, na farka na hango hasken fitilar ƙwai a zaure, na lallaɓa na same shi zaune da carbi, ya ƙura wa ƙofa ido.

"Amarya, me ya fito da ke?"

"Tsoro nake ji, Baba."

Ya jawo ni ya lulluɓa mini gefen bargonsa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce ruwan Bama ba irin namu ba ne, sai ya kwana ya wuni bai ɗauke ba, matsattsaku su manne wa mutum a ƙafa har cikin takalmi. Ya ce akwai wani abokinsa, tare aka ɗebe su, tare suke cin abinci. Cikin irin wannan ruwan suka binne shi, a bargo, babu likkafani, ramin ma suna haƙawa yana cika.

"Ba wanda ya san kabarinsa sai ni, ni ma yanzu ba zan gane ba. Ɗaga hannu mu yi masa Ƙulhuwallahu."

Muka karanta ƙafa goma sha ɗaya, muka shafa. A jikinsa barci ya ɗauke ni, kiran assalatu ne ya tashe mu, wato ya tashe ni.

Akwai wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa da ba wanda ya isa ya taɓa, ko kakata. Ranar sadakar uku aka buɗe ta a gabana. Abin da muka tarar a ciki sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.