Yaro ya shekara biyu bai buɗe baki ba: a fara duba kunne

A gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi ta ƙasar Gana, inda ɗaki goma ke raba tsakar gida ɗaya, uwa ba ta buƙatar likita kafin ta gane ɗanta ya yi jinkirin magana. 'Yar maƙwabciya da aka yi sunansu wata ɗaya tana cewa "Mma, ba ni koko", nata kuwa sai dai ya kama mata zane ya ja ta zuwa randa. In ta nuna damuwa, amsoshin a shirye suke: ai namiji ne, babansa ma sai da ya shekara uku, harsuna ne suka yi masa yawa, linzami ne, a kira wanzami. Da zuciya ɗaya ake faɗin waɗannan, amma kowace na iya cinye wa yaro shekara guda, a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin ɗaukar harshe.

Kafin komai a yi ƙidaya, domin "ba ya magana" ba bayani ba ne da ma'aikaciyar jinya za ta yi aiki da shi. A ɗauki takarda, a yi mako guda ana rubuta duk kalmar da yaro ya faɗa da kansa. Ba sai ta fita daidai ba. In kullum "uwa" yake cewa in yana son ruwa, kalma ce. "Mee" in ya ga akuya, kalma ce. Abin da ya maimaita don an ce "ce Baba" ba ya shiga lissafi, haka waƙar da ya haddace a waya, sai in yana amfani da kalmomin wajen neman abu ko nuna shi. A kuma haɗa duk harsunan wuri ɗaya. Yaron da ke da kalma 20 a Hausa, 15 a Twi, 10 a Turanci, kalma 45 gare shi. Yaran Zango sun daɗe suna tashi da Hausa a gida, Twi a bakin titi, Larabci a makaranta, wani ma da Dagbani ko Mosanci wajen kaka, kuma hakan ba ya jawo jinkiri. In ya ce "Mma, nsuo" (ruwa a Twi) ya haɗa kalma biyu ke nan, ba ruɗewa ya yi ba. Wanda ya ce a daina yi masa Hausa a koma Turanci kaɗai ya ba da shawara mara kyau: uwa ta fi zuba magana mai daɗi da yawa a harshen da ta sha a nono, shi kuma yaro yawan maganar yake buƙata.

Ga ma'aunin. Tsakanin wata 6 zuwa 9 jariri na gwalan-gwalan, "bababa", "mamama". Wajen wata 12 yana waiwayowa in an kira sunansa, yana ɗaga hannu, yana nuna abu da yatsa, kalmar farko ta fito ko tana hanya. A wata 18 ana sa ran kalma 10 zuwa 20. A wata 24 kalma 50 ko fiye, tare da haɗa biyu: "Baba tafi", "ƙara shayi". A shekara 2 baƙo zai gane kusan rabin maganarsa, a shekara 3 kashi uku cikin huɗu, a shekara 4 kusan duka. Bakwaini ana cire masa makonnin da ya rage a ciki har ya kai shekara 2. Maza kan ɗan biyo bayan mata, amma da 'yan makonni ko wata ɗaya zuwa biyu, ba da shekara ba.

Fahimta ta fi furuci muhimmanci. A gwada ba tare da nuni ko kallon abin ba: "ɗauko takalminka", "ina buta?". Yaron da ke ganewa, yana nuni, yana kwaikwayon salla ko tuƙa tuwo a wasa, sau da yawa yakan kamo tsaransa wajen shekara 3. Sai dai ba a gida ake tantance wanda zai kamo da wanda ba zai kamo ba.

Kunne shi ne inda aka fi yin sakaci, kuma shi ya fi ba ni tausayi, domin yawanci da magani. Iyaye kan ce "ai yana ji, in an buga ƙofa yana firgita, in pragiya (babur mai ƙafa uku) ta wuce yana juyawa". Jin ƙara daban, jin magana daban. Yaro na iya jin ganga da kiran salla amma sautuka marasa ƙarfi irin su "s" da "f" da "sh" su ɓace masa, magana ta zo masa kamar ta bayan bango. Tafa hannu a bayansa ma ba gwaji ba ne: yana ganin inuwa, yana jin iska, ko kunne ɗaya mai lafiya ya rufa wa ɗayan asiri. Abin da ya fi yawa shi ne ruwa mai kauri da ke taruwa bayan dodon kunne bayan mura. Ba ciwo, ba zazzaɓi, ba abin da ke fitowa, sai ji ya dusashe, yau ya ji gobe bai ji ba, har a ce masa mai taurin kai. Yakan bushe da kansa cikin wata 3. In ya ƙi, likita na iya sa ɗan ƙaramin bututu a dodon kunnen. Kunne mai zubar da mugunya kuwa kada a ɗiga masa man ja ko ruwan ganye, kada a tura tsinke, a kai asibiti. Sannan duk yaron da ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko maleriyar da ta kai ga jijjiga, ko ya kwanta a ɗakin jarirai aka yi masa allurai irin su jentamaisin, ko akwai kurma a dangi, a gwada jinsa ko da bai nuna alama ba. Gwajin ba ya ciwo. Akwai na 'yan mintoci da ake sa ɗan roba mai laushi a kunne, akwai wanda ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne yaro na barci. Ko jaririn kwana biyu ana iya yi masa.

Linzami na iya hana jariri kama nono da kyau, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su. Aska a ƙarƙashin harshe ko cire belu ba abin da suke ƙarawa sai zubar jini da hatsarin ƙwayar cuta.

Akwai alamun da ba a jira da su ko mako: yaro ya kai wata 12 ba gwalan-gwalan, ya kai wata 18 ba ya nuna abu don a gani tare da shi, ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido, ko ya taɓa samun kalmomi sai suka ɓace. Wannan na ƙarshe shi ake yawan ɗora wa aljanu ko baki. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti ranar, domin yana iya zama otizim (lalurar da ke wahalar wa yaro hulɗa da mutane), ko farfaɗiya, ko ji ne ke tafiya.

A gida, aikin ba ya cin ko sidi ɗaya. Uwa ta sauko daidai fuskarsa, ta faɗi sunan abin da shi yake kallo, ba wanda ita take so ya kalla ba. In ya miƙa hannu wajen kofi, kada yayyensa su riga shi, a riƙe koko da shayi a ce "koko ko shayi?", a yi shiru ana ƙirga biyar a zuci. In ya ce "mota", a amsa "eh, mota babba", a ƙara masa kalma ɗaya tak. Ba gyara, ba dariya, ba "sai ka faɗa zan ba ka" har ya yi kuka. Wanka, cin abinci, goyo a hanyar kasuwar Kejetia, duk lokutan magana ne, kuma minti 10 sau uku a rana ya fi awa guda ta tilas. Wayar da ake ba shi don ya bar uwa ta soya ƙosai ba ta amsa masa, shi ya sa ba ta koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaro gaban waya ko talabijin kafin shekara 2, daga nan kuma har ya kai shekara 5 kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Hanya mafi sauƙi ta kaiwa ga gwajin ita ce ranar awon yara. A faɗa wa nas kai tsaye, a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee. Na Ankara, babban birnin Gana, kuma asibitin Korle Bu. Masu horar da magana ba su da yawa a Gana, layi na iya yin tsawo, don haka a sa suna da wuri, ana aikin gida ana jira. A tafi da littafin awo, katin inshorar lafiya wanda bai mutu ba, takardar kalmomin nan, da bidiyon minti biyu na yaron yana wasa a gida, domin da yawansu in suka ga farar riga ko "a" ba sa cewa.