Numfashin da muka yanke

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau aiki ɗaya ne a gabana tun safe, kuma har na taso ban gama shi ba: neman taken sabon shirinmu na tarihi, wanda za a fara watsawa mako mai zuwa. Sakan 12 kacal shugaban sashe ya ba ni. Ya ce a cikin sakan 12 ɗin nan yake so matar da ke tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ce wa yaro ya ƙaro muryar rediyo.

Na isa ofis tara saura, hazo ya rufe gari, ko ginin da ke tsallaken titi ba a gani sosai. Yaron da ke haɗa mana sauti ya riga ya tara mini 'yan kaɗe-kaɗen da ake samu kyauta a intanet, irin waɗanda tashoshi ke sakawa kafin labarai. Na saurari shida a jere. Da na tashi shan ruwa, babu ko ɗaya da ya biyo ni zuwa bakin randa. Ni kuwa ma'aunina ke nan tun da na fara aikin nan: idan kiɗa bai biyo ka waje ba, ba zai tsayar da kowa a gida ba.

Sai na ce bari in je wurin manya in ji yadda suke buɗe baki. Na leƙa ɗakin faifai wurin Baba, dattijon da ya daɗe da yin ritaya amma duk Laraba sai ya zo ya share faya-fayansa. Na gaishe shi, na faɗa masa damuwata. Bai ce komai ba, ya miƙe ya zaro wani faifai da kwalinsa ya yi ja don tsufa, ya ce, "'Yata, fara da wannan. Idan kin gane shi, sauran masu sauƙi ne." Simfoni na 5 ne, wato dogon kiɗa na taron makaɗa, na Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, an ɗauke shi a zauren kallo da mutane a zaune.

Sauti huɗu ne. Uku gajeru a jere, na huɗu ya sauko ƙasa ya tsaya, ya daɗe. Sai a maimaita, a ɗan ƙara saukowa, a tsaya fiye da na farko. Yaron namu ya yi tsalle a kujera ya ce, "Anti, ai na san wannan!" Bai san sunan mai kiɗan ba, bai san ƙasarsa ba, amma ya san shi. Abin da ya ba ni mamaki da na saka na'urar kunne shi ne babu ganga a wurin, babu ƙahon busa ko ɗaya. Duk wannan ƙarfin daga masu goge ne, manya da ƙanana, sai masu busa kilarinet biyu, kowa na faɗin abu guda a lokaci guda. Na daɗe ina zaton tambura ake bugawa. Sannan da muka bar faifan ya ci gaba, sai na ga kashin farko gaba ɗaya, wajen minti bakwai, da waɗannan sautuka huɗun aka gina shi. Su ne a sama, su ne a ƙasa, wani ya jefa wani ya cafe, kamar magini da tubali iri ɗaya ya tayar da soro har da zankwaye.

Na ce wa yaron ya yanko mini farkon mu gwada shi bayan sanarwar tasha. Ya buɗe shi a kwamfuta, sautin ya fito a allo kamar tsaunuka, a gabansu kuma wani siririn layi a miƙe. Mu a rediyo shiru abokin gaba ne. An koya mana cewa sakan biyu na shiru ya isa mai sauraro ya murɗa akwati ya tafi wata tasha. Don haka ya saka alama daidai gindin tsaunin farko, ya share duk abin da ke gabansa, ya manna shi a bayan muryar mai sanarwa. Muka kunna.

Wallahi sai na ji kamar mutum ya banko ƙofar ɗaki ba sallama. Sautukan su ne dai, ƙarfinsu na nan, amma gabana bai faɗi ba kamar ɗazu. Hayaniya kawai. Muka sake kunnawa, haka. Baba da ke wucewa ta bakin ƙofa da tsummansa a hannu ya tsaya ya ce, "Me kuka yi masa?" Yaron ya ce, "Baba, shirun kawai na cire." Baba ya ce, "Ai shirun nan a rubuce yake."

Ya jawo kujera ya yi mana bayani. A takardar da Beethoven ya rubuta, abu na farko a layin farko alamar hutu ce, ɗan gajeren shiru. Jagoran makaɗa yakan sauke hannunsa a kan bugun farko, babu wanda ya taɓa komai, sai a bayan wannan gurbin ne sautuka ukun suke rugowa su faɗa kan na huɗu. Shi ya sa suke da wannan gaggawar, kamar wanda aka riƙe wa hannu aka saki. Ya ce shi ya sa ma jagorori ke shan wuya a wannan wuri, domin tilas mutum hamsin ko fiye su shigo tare a bayan bugun da ba a ji ba. Ya sa yaron ya dawo da abin da ya share, ya ƙara ƙarfin wannan siririn layin. Ashe ba fanko ba ne. Akwai tarin wani mutum da ke mutuwa can nesa, akwai ƙarar kujera, sannan daf da sautin farko akwai wani abu kamar iska ta shiga ta taga: makaɗan ne suka ja numfashi tare. Na saurari wannan rabin sakan ɗin ya fi sau goma. Tsigar jikina ta tashi. Shekara nawa ina yanke irin wannan a faya-fayan mutane ban taɓa tsayawa na ji abin da ke ciki ba.

Da azahar na kai wa Baba shayi, muka zauna da 'yar takardar da ke cikin kwalin faifan. An fara kaɗa wannan simfoni ne ranar 22 ga Disamba, 1808, a Biyenna babban birnin Ostiriya, cikin tsananin sanyi, a zauren da ba a ɗumama ba. Taron ya kai awa huɗu, a daren ne kuma aka fara kaɗa simfoninsa na 6. Makaɗan ba su sami isasshen gwaji ba, har a kiɗan ƙarshe suka rikice, dole aka tsaya aka sake daga farko. Beethoven yana da shekara 38 a lokacin, kunnensa kuma ya daɗe da fara mutuwa. Tun 1802 ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙa yana kukan wannan larura. Akwai maganar da ta yaɗu cewa sautuka huɗun ƙaddara ce ke ƙwanƙwasa ƙofa. Daga bakin sakatarensa Anton Schindler ta fito, mutumin da daga baya aka kama da ƙare-ƙare a takardun maigidan nasa. Ni ban ma so a ba su fassara. Da zarar an ce maka ƙofa ce, ka daina jin komai sai ƙofa.

Labarin da ya fi taɓa ni namu ne na 'yan rediyo. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, BBC ta fara kiran mutanen ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye su riƙa rubuta harafin V a bango, alamar nasara. A saƙon tangaraho na Morse kuwa, V ɗigo uku ne da ja ɗaya, daidai da farkon wannan kiɗa. Sai tashar ta mai da shi takenta na shirye-shiryen Turai. Kiɗan Bajamushe, ana aika shi daga Landan don a ƙarfafa masu tsayayya da mulkin Jamus. Wanda ya buga musu shi, James Blades, da wata gangar Afirka ya buga. Baba na faɗin haka na ajiye kofi. Mu da muka tashi muna jin kalangu na kiran sunan mutum tun mawaƙi bai buɗe baki ba, mun san ganga na magana. Na yi ta tunanin mutumin da ya lulluɓe akwatinsa da bargo a wani ɗaki a Beljiyam, ya rage murya don kada maƙwabta su ji, yana jiran bugu huɗu.

Bayan la'asar muka saurari wasu. Wanda ya sa ni dariyar jin daɗi shi ne farkon Rhapsody in Blue na George Gershwin, da aka fara kaɗawa a New York ranar 12 ga Fabrairu, 1924. Kilarinet ɗaya ce ke karkarwa a ƙasa, sai ta tashi ta sulale sama ba tare da ta taka matakala ba, kamar guɗar amare. A rubuce, Gershwin matakala ya jera, sauti bayan sauti. Mai busar, Ross Gorman, shi ya ja su ya haɗe wuri guda a wajen gwaji don wasa, Gershwin ya ji ya ce a bar shi haka. Tun daga nan duk mai busa haka yake yi. Na so wannan labarin ƙwarai, don na sha ganin irinsa a ɗakin ɗaukar murya: abin da ya fi kyau a shiri yakan fito ne daga bakin wanda ba a tambaya ba. Muka taɓa na Stravinsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, na 1913, wanda ya tayar da hargitsi a zauren Paris, inda wata doguwar abar busa mai kaurin murya ke rera sama can inda ba muhallinta ba. Yana da kyau, amma ba na mai tankaɗe a tsakar gida ba ne, na wuce.

Baba bai bar ni na tafi ba sai da ya saka mini Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar, waƙar Inta Umri ta 1964, wadda Muhammad Abdulwahab ya yi wa kiɗa. Nan kam babu zancen sakan 12. Makaɗa sukan yi mintoci suna shimfiɗa, har da jita mai lantarki a tsakiyar goge da ƙanun, abin kiɗan Larabawa mai tsarkiyoyi da yawa, jama'a na tafi suna sowa, ita ko ba ta ce uffan ba tukuna. Baba ya rufe ido. Ya ce da can duk Alhamis ɗin farkon wata ake watsa waƙarta kai tsaye daga Alƙahira, kuma rabin daɗin yana cikin jiran. Ban katse shi ba, muka saurara har ta shigo.

A hanyar gida, cikin a-daidaita-sahu, na yanke shawara ba zan saka Beethoven ba. Ya riga ya zama na duniya, duk wanda ya ji shi zai tuna wani abu daban, ba shirinmu ba. Kuma shirin tarihin ƙasar Hausa ne, muna da namu. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya da ɗan gwangwani, kafin ya kai ƙarshen zagayen farko kowa a tashar mota ya san shi ne. Haka kalangan Shata. Haka kakaki idan ya tsaga iska da safiyar sallah, ba a tambayar wa ke tafe. Kalmar take ma da muke faɗa a ofis kullum daga wurin makaɗan nan muka aro ta.

Da na gama ba yara abinci sai wani abu ya faɗo mini. Ina 'yar shekara tara ko goma, a bikin wata gwaggona, na zauna kusa da mai kalangu har gwiwarsa na taɓa kafaɗata. Kafin ya yi bugun farko sai ya gyara kalangun a hammata, ya matse, tsarkiyoyin suka yi ƙara siririya kamar sabon takalmi, fatar ta ɗaure, ya ɗaga lanƙwasasshen makaɗinsa ya tsaya. A wannan tsayawar matan da ke hira suka yi tsit. Na tuna sarai cewa shirun ya riga bugun.

Na kira wani ƙanen maigidana da ya san makaɗan unguwarsu, ya ce zai zo mana da mai kalangu ranar Asabar da hantsi. Zan roƙe shi ya yi mana sabon take, gajere, na shirin kaɗai. Na kuma tura wa yaron namu saƙo: ya kunna na'ura tun mutumin bai zauna ba, ya matso da makirfo ɗaya kusa da hammatarsa, kuma kada ya share komai a farkon faifan sai na zo.