Abin da Na Koya Game da Ƙaramar Amfilifayar Bas

Yanzu da na bar ƙungiyar kiɗan da na yi shekaru ina kaɗa mata bas gita a bukukuwan aure na Jos da Kaduna, ina so in faɗa wa matasan da ke shirin sayen ƙaramar amfilifaya irin wadda ke haɗe da sifikarta abin da ya kamata su duba kafin su biya kuɗi.

Shugabanmu mutum ne da yake auna kaya da girma da yawan wat. Ya saya wa ƙungiya wata tsohuwar amfilifaya mai nauyin gaske wadda ba ta da mafitar DI, wato wurin sa wayar da ke kai sauti kai tsaye zuwa miksa (na'urar haɗa sautuka), saboda haka sai an kafa makirufo a gaban sifikarta kafin sautina ya isa ga miksa. Makirufon nan kuwa ba ya bambance bas da bugun ganga, kuma da zarar an tayar da janareta sai gurnani ya cika lasifikoki. Duk ranar da haka ta faru, ni yake tsawatarwa a gaban sauran makaɗa, wai hannuna bai iya ba. Na yi masa bayani fiye da sau ɗaya cewa kirtanin E na bas yana sauka zuwa kusan Hz 41 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), kuma irin wannan sauti ya fi fita tsaf idan ya bi wayar XLR, irin wayar makirufo mai haƙora uku, kai tsaye zuwa miksa, amma ya ce ni yaro ne a harkar.

Da na tara kuɗi sai na sayi Fender Rumble 40, mai sifika inci 10 da nauyin kusan kilo 8, wadda nake ɗauka da hannu ɗaya in shiga adaidaita sahu. Wat 40 ba za su cika babban ɗakin taro ba, kuma ba aikinsu ba ne. Amfilifayar tana tsaye kusa da ni domin in ji kaina, jama'a kuwa suna jin abin da ya fita ta DI ya bi manyan lasifikoki. Maɓallin raba wayar ƙasa (ground lift, mai katse haɗin wayar ƙasa tsakanin amfilifaya da miksa) da ke gefen mafitar ya kashe yawancin gurnanin da aka daɗe ana ɗora mini laifinsa. Injiniyan sauti ya yaba, shugaban bai ce komai ba, har ranar da na yi masa sallama.

Wanda zai saya ya juya bayan amfilifayar ya ga mafitar DI, wato ta XLR, da idonsa, domin ƙanana da yawa ba su da ita. Rumble 25 ma ba ta da ita. Idan akwai maɓallin da ke ba da damar aika sauti kafin ya bi ta maɓallan gyara murya, hakan ya fi, saboda ba za ka ɓata wa injiniya aikinsa ba duk lokacin da ka taɓa naka. Mai bas na kirtani biyar, wanda ke sauka zuwa Hz 31, ya fi dacewa ya nemi sifika inci 12.

A kayan gwanjo kuma a karanta abin da aka rubuta kusa da wurin sa wuta, domin na Amurka an yi su ne don bolt 120, alhali wutarmu 230 ce.