Ƙwayar dogon yaro da aikin da muke yi da ita

Duk wanda ya shigo wurin aikinmu, wari ne yake fara tarbarsa, wani irin wari kamar na tafarnuwar da ta kwana. Warin man dogon yaro ke nan, kuma da shi muke haɗa maganin feshi don manoman da suka gaji da maganin ƙwari mai guba.

Da na fara koyon sana'ar nan ganye nake tafasawa, a zatona ɗaci shi ne magani. Dattijon da ya koya mini ya leƙa tukunyar, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka dafe maganin, ruwan ɗaci kawai ka bari." Shi ya nuna mini cewa ƙarfin yana cikin ƙwayar 'ya'yan itacen, kuma zafi yana lalata shi. Daga baya na karanta cewa a 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye tsirrai a Sudan ta bar dogon yaro da ganyensa, sannan a 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke wannan aiki, azadiraktin. Malamina bai taɓa jin sunan ba, amma hannunsa ya san abin.

Don haka rabin aikina zaɓen ƙwaya ne. 'Ya'yan da suka nuna suka yi rawaya nake so, a cire naman, a wanke, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Idan na fasa ɗaya na ga cikinta ya yi baƙi ko da alamar fumfuna, buhun nan ba zai shiga wurina ba. A nan nake shan fama da masu kawo kaya. Saman buhu tas, ƙasa kuwa ruɓaɓɓiya da tsakuwa, wani ma har ruwa yake yayyafawa don ta yi nauyi. Yanzu sai na zazzage buhu gaba ɗaya a gaban mai shi, ko ya ji haushi.

Man kuwa a sanyi muke matse shi, sannu a hankali. Ba ya fita da yawa, amma mai ƙarfi ne. Tunkuzar da ta rage ma ba ma zubarwa, ana zuba ta a ƙasa ta zama taki, ta kuma rage tsutsotsin da ke cin saiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu kwaikwayo. Su jiƙa ganye, su sa launi, su ɗura a kwalba, su sayar da araha. Araha kuwa ba ta ado. Manomi ya fesa bai ga komai ba, sai ya ce duk maganin itace ƙarya ne, laifin ya dawo kanmu.

Wani mai lambu ya taɓa dawo mini da kwalba washegarin feshi, ransa a ɓace, wai tsutsa na nan da ranta a kan ganye. Na ce, "Malam, tana ci?" Ya yi shiru. Ai haka maganin yake. Ba ya kayar da ƙwaro nan take, ci yake hana shi, ya kuma hana tsutsa sake fata, sai ta mutu bayan 'yan kwanaki. Ya koma, bayan kwana huɗu ya aiko a ƙaro masa biyu.

Ga wanda ya sayi man, a haɗa shi da ɗan sabulu don ya gauraya da ruwa, a yi amfani da shi a ranar. Feshi da yamma ne, saboda hasken rana yana karya sinadarin, kuma lokacin ƙudan zuma sun koma. A jiƙa bayan ganye sosai, a maimaita bayan mako guda. Ruwan taba kuwa, ko an roƙe ni ba na haɗawa. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, guba ne da ke ratsa fatar mai feshi, kasancewarsa ganye bai sa ya zama lafiya ba.