Ruwan Sonic a fulasma

Yau ƙanena ya tono tsohuwar na'urar wasan gem ɗinmu, Sega Mega Drive, a ɗakin Hajiya. Muka jona ta da fulasmar falo da wayar nan mai kai rawaya, hoto ya fito dishi-dishi, in ka danna tsalle sai an ɗan jima Sonic, jarumin gem ɗin, ya ɗaga. Dalili kuwa, na'urar tana fitar da hoto ne a tsarin 240p, wato cikakken hoto mai layuka 240, talabijin na zamani kuma ya ɗauka 480i ne, wato layuka 480 masu zuwa rabi-rabi da sai an haɗa su, sai ya tsaya gyaran abin da bai lalace ba. Wani abokinsa daga Sabon Gari ya zo da wayar RGB SCART, mai kai kowane launi daban, da akwatin OSSC, mai mayar da hoton tsoffin na'urori irin na talabijin na zamani, muka bi ta HDMI. Wallahi hoto ya fito tar, jinkirin ma ya tafi.

Amma da muka iso wurin ruwan nan mai gangarowa a matakin farko, sai na ga zane-zane a tsaye, ɗaya shuɗi ɗaya babu komai. Ashe talabijin ɗinmu mai ƙeya da waccan wayar mai kai rawaya ne suke cakuɗa layukan har su zama ruwa garai-garai. Ƙanena na ta santin kyan hoto, ni kuwa tunanin wa muka ba tsohon talabijin ɗin nan nake.