Ashe ba wasa ba ne

Jiya na raka ƙanwata wajen likita. Tun tana ƙarama take lanƙwasa babban yatsanta har ya taɓa sangalin hannunta, mu kuwa sai dariya. Ashe ciwo ne, Ehlers-Danlos, wanda ke raunana kolajin da sauran zaren da ke riƙe fata, gaɓoɓi da jijiyoyin jini. Kafaɗarta ma gocewa take yi tana barci.

A 2017 masana suka kasa shi gida 13. An gano ƙwayoyin gadon da ke jawo 12, amma irin nata, wanda ya fi yawa, har yau ana laluben nasa.

Masu tallar garin kolajin a intanet, don Allah ku ji tsoron Allah. Ciki narkar da shi yake yi, ba ya gyara abin gado. Ita dai motsa jikin ƙarfafa tsoka aka ɗora ta a kai.